Fitilar ba jabu ba ce, kai ne ba ka yi mata furofayil ba

Jama'a, yau sai kun yi haƙuri da ni, faɗa zan yi.

Makon jiya na je walimar biki a Lakwaya. Amarya ta shigo, mai hoto ya ɗaga kyamara, sai fitilu takwas suka kama walƙiya, fuskarta ta koma kore shar. Mai fitilun, da aka ɗauko da kuɗi tun daga cikin Kano, wai cewa ya yi kayan Chana ne, jabu ne. Na ce masa, "Malam, ina takardar da ta zo cikin kwalin?" Ya ce ya jefar tun ranar da ya saya a Sabon Gari. To ka ji mai laifi.

Fitilar dandamali ba ta san ja ko kore ba, lamba kawai take ji. Tsarin da take aiki da shi sunansa DMX512, an fito da shi a Amurka a 1986. Kebul ɗaya yana ɗaukar tashoshi 512, kowace tasha tana aika lamba daga 0 zuwa 255. A wata fitilar tasha ta 1 ƙarfin haske ce, ta 2 ja, ta 3 kore, ta 4 shuɗi. A wata kuma mai jiki iri ɗaya sak, ta 1 ɗin ce ja. Furofayil shi ne ɗan fayil ɗin da yake gaya wa manhaja wace tasha ce take yin me. Ka ɗora na wata a kan wata, ka tura farin haske, walƙiya ta fito. Hoton amarya kuma ba a sake ɗaukarsa.

Na san abin da za ku ce. Wai a bar ta a oto ta bi sauti. Idan haka ne me aka biya ka? Ƙanin ango ma zai iya jona soket. Wasu kuma su ce a sauke a intanet. Gaskiya ne akwai Open Fixture Library, akwai kuma tsarin GDTF da manyan kamfanoni irin su Robe da MA Lighting suka ƙaddamar a 2018. Amma fitilar da ko sunan kamfani babu a jikinta, da wane suna za ka neme ta?

Alhali aikin bai fi rabin awa ba. Manhajar QLC+ kyauta ce a kwamfuta, kuma tana zuwa da wurin rubuta furofayil. Ka buɗe, ka ba fitilar suna, ka shigar da tashoshin ɗaya bayan ɗaya yadda suke a takarda. Tashar da aka rarraba lambobinta, wannan zango walƙiya, wancan canjin kala, ka shigar da zangunan daidai, a nan ake yawan tafka kuskure. Idan takardar ta ɓace, sa adireshin fitilar a 1, ka riƙa tura tashoshi kana rubuta abin da ka gani. Ka fara gano ta ƙarfin haske ka bar ta a sama, in ba haka ba sauran za su yi kamar sun mutu.

Sai adireshi. Fitila mai tasha 7, ta farko a 1, ta biyu a 8, ta uku a 15. Amma a ƙaramin teburin nan na DMX 192 kowace fitila gurbin 16 take ci, wato 1, 17, 33.

Ku kuma da kuka iya, kuke ɓoye fayil kamar lakanin kaka, ku ji tsoron Allah. Irin fitilun nan ne a hannun masu haya daga Gwarzo har Kabo, fayil ɗaya a WhatsApp zai ishi mutum goma. Wanda takardarsa take nan, ya ɗauki hotonta da waya yanzu ya turo mana, zan rubuta furofayil ɗin in saka a shafin nan.