Kafson kemis ba ya warkar da ɗinkin tiyatar mama da ya kamu da cuta

A Bompai, inda katangar masana'anta ke maƙwabtaka da gidajen masu hali, akan samu matar da ta je Istanbul ko Alƙahira ko Legas aka saka mata robar silikon a mama, ta dawo babu wanda ya sani sai ƙawa ɗaya. A Sharada da Challawa kuwa akwai mai aikin yini a kamfanin leda ko na tabarmar roba, wadda aka cire wa ƙulli a mama, ta koma bakin inji tun ba a ware zare ba, domin ranar da ba ta je ba babu kuɗinta. Tsakanin matan biyu akwai tazarar miliyoyin naira. Amma ranar da ɗinkin ya yi ja ya fara tsattsafo da ruwa, wuri ɗaya suke nufa: kemis ɗin bakin layi, a ƙirgo musu Ampiclox na kwana uku.

Wannan kuskure ne ga dukansu, amma ya fi muni ga mai roba a jiki.

Dalilin a fili yake. Jini ne ke kai magani inda cuta take, ita kuwa roba jini ba ya ratsa ta. Ƙwayoyin bakteriya, musamman dangin Staphylococcus da ke zaune a fatar kowane mutum, idan suka samu shiga lokacin tiyata ko ta bakin ɗinki, sai su manne a jikin robar su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ke wahalar hudawa. Kafson kwana uku zai iya rage jan fata da zazzaɓi, mace ta ɗauka ta warke, alhali cutar ta lafa ne kawai. Bayan makonni ta dawo, kuma ta riga ta saba da maganin.

Abin da likitan tiyata zai yi daban ne. Zai duba ko cutar a fata ta tsaya ko ta kai ga robar, galibi da hoton sikanin. Zai ɗebi ruwan ko mugunyar a kai ɗakin gwaji, a gano wace ƙwayar cuta ce da kuma maganin da ke kashe ta. A nan ma kemis ya yi ɓarna, domin maganin da aka riga aka sha yakan hana gwajin nuna komai. Idan abin bai yi nisa ba, maganin sha da sa ido sun isa. Idan akwai zazzaɓi mai zafi, ko mugunya, ko ɗinkin ya buɗe har ana ganin robar, sai kwanciya asibiti da allura ta jijiya, a koma ɗakin tiyata a wanke wurin. Sau da yawa dole a cire robar, a jira wata uku zuwa shida kafin a yi maganar mayar da wata. Wannan hukuncin ne mata suka fi gudu, ga kuɗin da aka kashe, ga tambayar da za a yi a gida. Sai dai jinkiri na iya kai cutar cikin jini, wanda ke kashewa cikin kwanaki.

Masu fita waje suna da ƙarin haɗari. A 2014 hukumar CDC ta Amurka ta ba da rahoton matan da suka dawo daga tiyatar kwalliya a Jamhuriyar Dominika ɗauke da wata ƙwaya 'yar uwar ta tarin fuka. Irinta takan ɗauki makonni kafin ta bayyana, maganin yau da kullum ba ya taɓa ta, kuma jinyarta watanni ce. Likitan da aka ɓoye wa inda aka yi aikin ba zai yi tunanin nemanta ba.

Ba kowace mai roba ce ta saka don ado ba, abin da masu saurin yanke hukunci ke mantawa. Sankarar mama ita ce kansar da ta fi kama mata a Najeriya, kuma wasu da aka yanke wa mama da roba ake sake gina musu ita. Su ne ma suka fi saurin kamuwa, musamman bayan gashin kansa ko idan akwai ciwon suga. Tsangwamar da ke hana mai kwalliya zuwa asibiti ita ce ke rufe bakin waɗannan.

Matsalar ta wuce mutum ɗaya. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa ya nuna mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ke kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a. A farkon 2024 NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna sun rufe shaguna fiye da dubu a Sabon Gari domin tilasta komawa kasuwar Dangwauro. An sauya wa dillalai wuri, amma a ƙofar masana'antu har gobe ana sayar da antibayotik ƙwaya-ƙwaya ba tare da takardar likita ba.

Masu kamfanoni na da nasu rabon. Ma'aikaciyar da aka yi wa tiyata tana bukatar hutu da albashinta, ba ɗaga dila cikin zafi da ƙura da gumi na sauka kan bandeji ba. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, kuma bai kamata masu aikin yini su zama saniyar ware ba. Hukumar PHIMA kuma ta binciki duk inda ake tallar ƙara girman mama a Kano, ta ga ko akwai ƙwararren likita a ciki.

Ga wadda ɗinkinta ya yi ja yau, ko mama ɗaya ta kumbura ta yi zafi, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Murtala suna da likitocin tiyata. Ta tafi da takardar sallama, da katin da ke ɗauke da sunan robar da lambarta, da kwalin duk maganin da ta riga ta sha.