Fatoman Cikin Kwamfuta

Sanin kowa ne cewa fatoma yakan sauki fatake da yawa a gida guda, kowa da ɗakinsa, ba mai leƙa kayan wani. Irin wannan aiki manhajar da ake kira haifabaiza take yi. Takan kasa ƙarfin kwamfuta guda da ma'ajiyarta tsakanin wasu kwamfutoci na manhaja zalla, har kowace baƙuwa ta ɗauka gidan nata ne. Dabarar tsohuwa ce, domin kamfanin IBM ya gwada ta tun 1967, kafin Jami'ar Kambirij ta fitar da Xen a 2003.

Abin ya fi ƙayatarwa wajen sadarwa. Fatoman yakan ba kowace baƙuwa adireshinta, ya riƙa kai saƙo tsakaninsu ba tare da waya ko ɗaya ba. Ashe ɗalibi zai iya ƙulla kwamfutoci goma cikin na'ura guda, ya wargaza su da gangan, ya sake haɗawa kafin la'asar. Sashen da ke jiran tulin na'urori kafin ya koyar da sadarwa, ɓata wa ɗalibansa lokaci kawai yake yi.

Sai dai a yi hattara. Kamar tantanin ƙwayar halitta, bangon da ke raba baƙin yana iya hujewa. A 2015 an gano wata kafa cikin manhajar QEMU, aka laƙaba mata suna VENOM, wadda baƙuwa za ta iya bi ta kai ga maigida. Kada dai a sauki sakamakon jarrabawa gida ɗaya da gwaje-gwajen ɗalibai.