Allurar kare jariran mata masu jinin "negetif": wa ke gwada ingancinta?

A garuruwan Bakolori, daga Talata Mafara zuwa Bakura da Maradun, akan kira matar da 'ya'yanta ke mutuwa a jere mai wabi. Wani ɓangare na wannan rashi yana da sanadin da likitoci suka sani. Idan jinin uwa Rhesus negetif ne, na jaririn kuma fozitif, jinin jaririn kan shiga nata lokacin haihuwa ko ɓari, sai jikinta ya haɗa garkuwar da za ta yaƙi jinin jariran da za su biyo baya. Sakamakon shi ne shawara mai tsanani, ƙarancin jini, ko mutuwa a ciki.

Tun shekarar 1968 aka fara amfani da rigakafin a Amurka: allurar anti-D, wadda ake yi a mako na 28 na ciki, da kuma cikin awa 72 bayan haihuwa. Yawanci kwalba ɗaya na ɗauke da maikurogiram 300.

Matsalar ita ce ido ba ya gane ko allurar na aiki. Magidanci zai sayar da buhun shinkafa ya saya, a yi wa matarsa, amma ba za a san gaskiyarta ba sai a ciki na gaba, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin garkuwar in ta haɗu ba ta warwaruwa.

Nan ne aikin ɗakin gwaji yake. Ana auna ƙarfin allurar da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, don a tabbatar abin da ke cikin kwalba ya yi daidai da abin da aka rubuta a kwali. Wadda aka tace daga jinin mutane kuma, dole a tabbatar ba ta ɗauke da ƙwayoyin cuta. A Nijeriya wannan nauyi yana wuyan hukumar NAFDAC, wadda ke da ɗakin gwajin irin waɗannan magunguna a Yaba, Legas.

Sai dai gwajin Legas ba ya bin kwalba har Zamfara. Allurar na buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, alhali zafin bazara a yankin kan haura 40, wutar lantarki kuma ba tabbas. Kwalbar da ta ci jarrabawa a tashar jiragen ruwa na iya lalacewa a kantin magani.

Don haka ya kamata NAFDAC ta riƙa ɗibar samfur daga kantunan Gusau da Talata Mafara tana gwadawa, ta kuma bayyana sakamakon. Gwamnatin jiha ta ajiye allurar a firijin rigakafi masu aiki da hasken rana a manyan asibitoci, ta tabbatar kowace mai zuwa awo ta san rukunin jininta. Magidanta kuwa su duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, su ƙi karɓar kwalbar da ba daga firij aka ciro ta ba.