Kafin a zuba hoton ganyen wake a Google Sheets

Matashi a Dambatta zai iya ɗora ganyen wake kan farar takarda, ya ɗauki hoto, Python ta mayar da shi baƙi-da-fari ta fitar da fayil ɗin CSV. Kowane ɗigo ya zama lamba: 0 baƙi ƙirin, 255 fari fat. Nan ake ƙirga ɓarnar tsutsa.

Haɗama ce matsalar. Hoton 4000 sau 3000 ɗigo miliyan 12 ne, alhali gurbi miliyan 10 Google Sheets ke ɗauka. Gara a rage shi zuwa 200 sau 150.

Kuma kada lambobin kaɗai su sa a sayi maganin feshi, domin sukan rikita ganyen da ya yi rawaya da wanda rana ta haska.