Ɗiyanmu mata: mun tara masu kayan ɗaki, amma mun san abin da ke ransu?

Tun cikin shekarun 2000 ake samun labarin ƴan mata na faɗuwa cikin aji a kwalejojin ƙasarmu, ɗaya ta faɗi, goma su bi ta, har a tashi lakwal. Jama'a suka ce aljani ne, aka yi ta ruƙiyya. Ba mu zo musun addu'a ba. Tambayarmu ita ce: bayan yarinyar ta farfaɗo, wa ya zauna ya ji abin da ke damun ta?

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce cikin yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, galibi yawan fargaba ko baƙin ciki mai daɗewa. Ta ce kusan rabin irin wannan ciwo na farawa ne kafin shekara 14, wato lokacin da yarinya ke fara al'ada.

A nan Nijar kayan da ke kanta sun fi haka nauyi. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kuwa kafin 15. A Disamban 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare yarinya mai karatu, amma doka ba ta shiga tsakar gida. Ga talla da safe, ga jarrabawar BEPC, ga maganar mijin da ba a tambaye ta ba, ga salula mai kawo zagi da hotuna har cikin ɗaki.

Mu ƴan kasuwa mun iya tattali. Uwa za ta yi shekaru tana zubin adashi domin gado da kwanoni. Idan yarinya ta dawo daga talla, tambayar farko ita ce: "Nawa kika sayar?" Idan dala biyar ta ɓace, an gane. Idan fara'arta ta ɓace, sai a ce miskilanci ne. Kunya kuma ta ƙara toshe hanya, musamman ga ɗiyar fari, wadda uwa ba ta ko kiran sunanta. Kunya ado ce, amma in ta hana ɗiya faɗin ciwonta, ta zama cuta. Abin da ba ta faɗa wa uwa ba, saurayi ko ƙawa za ta faɗa wa.

Alamun a fili suke: rashin barci, ƙin abinci, kuka ba dalili, ciwon kai kullum, gudun ƙawaye. In sun wuce sati 2, a kai ta likita, a haɗa da addu'a. Ana iya farawa daga CSI na unguwa. Babban asibitin Yamai na da sashen masu wannan lalura. In kuwa ta ce gara ta mutu, kada a ɗauka shagwaɓa ce: kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da na ɓera, a nemi likita a ranar.

Sauran aikin ba ya cin ko dala. Uwa ta ja ta hira lokacin tankaɗe ko a hanyar kasuwa, ta yi tambaya, ta yi shiru ta saurara, ba tsawa. Sirrinta kada ya kai kunnen kishiya ko maƙwabta, don in ya fita sau ɗaya, an rufe ƙofar. In nauyi ya hana, a wakilta gwaggo ko kaka. Uba kuma ya ji ta bakinta kafin ya karɓi goro.

Yau in ta sauke farantin talla, kafin mu ƙirga ciniki, mu fara da: "Ɗiyata, ya kika wuni?" Allah ya shirya mana zuri'a.