A ware wa Gidan Sori filin lambu tun kafin rabo

A tsakiyar birnin Suzhou na ƙasar Sin akwai lambuna masu ɗaruruwan shekaru. Doka ce ta tsare su daga magina, har UNESCO ta sanya su cikin kayan tarihin duniya a 1997.

Manoman gundumar Agiye sun riga sun raya itatuwa a gonakinsu ta hanyar sassaben zamani. Saura cikin garuruwa, inda rabon filaye ke kayar da gawo da tsamiya. Wajibi ne hukumar Gidan Sori da sarakunan gargajiya su keɓe fili a tsakiyar gari, a rubuta shi cikin takardun hukuma, a dasa itatuwa ran 3 ga Agusta. Inuwar da ba ta da takarda, gobe mai kuɗi zai gine ta.