Rijiya Ta Bayar, Gilashi Ya Hana

A shekarar 2025 babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Japan ya yanke wani hukunci da ya kamata a tattauna shi a kowace majalisar hira ta Daura, daga ƙofar fada har tashar mota. Ya ce ba zai karɓi sababbin katunan gem ɗin nan da suka zo tare da na'urar wasa ta Switch 2 ba, waɗanda ake kira katin mabuɗi, saboda babu wasa a cikinsu. Ka biya kuɗi, ka ɓare leda, ka zaro kati ka zura a na'ura, ita kuwa ta tura ka intanet ka sauko da abin da ka riga ka saya. Mutanen da tun shekarar 2000 suke karɓar faya-fayan wasanni suna adanawa kamar yadda suke adana littafi sun juya wannan kati, sun ga ɓawo ne babu ƙwaya, suka ƙi shi. Sun yi daidai. Ƙin nasu kuma ya tona asirin wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasanmu da manyanmu 'yan boko, wai yanzu komai yana cikin waya, wai duk mai ajiye tsohon kwabo ko tsohuwar tasa ko kaset ɗin Shata tarkace yake tarawa, ya ɗauki hoto ya zubar ya huta. Maganar nan ƙarya ce, kuma tana cinye mana dukiya kullum rana ta Allah.

Ba sai an je wurin malaman tarihi neman hujja ba, masu ƙera wasannin da ake mana gori da su sun riga sun bayar da ita da kuɗin aljihunsu. A ƙarshen 2006 kamfanin Nintendo ya fito da Wii, na'urar da ake buga wasanta da ɗan sanda a hannu, ka kaɗa shi kamar mai dukan ƙwallo, mutumin cikin talabijin shi ma ya kaɗa. An sayar da fiye da miliyan 100. Ganin haka kamfanin Microsoft ya ce zai wuce nan, a 2010 ya kawo Kinect, wata kyamara mai kallon jikinka, ba ka riƙe da komai, ka tsaya tsakar ɗaki kana dukan iska. Da farko an yi rububi, miliyan 8 cikin kwana 60. Daga nan kasuwa ta yi sanyi. A 2013 aka haɗa ta dole da na'urar Xbox One, masu saye suka yi ta ƙorafi, a 2014 aka raba su, a 2017 aka daina ƙera ta. Dalilan mutuwarta suna da yawa, har da tsada da ƙarancin wasanni masu daɗi, amma babbansu a ganina shi ne wanda kowane maƙeri da masaƙi ya sani tun yana yaron shago: hannu ba ya aiki da wofi. Yana son nauyi, yana son abin da idan ya matsa zai ji ya matso shi. Shi ya sa da kamfanin Sony ya fito da PlayStation 5 a 2020, cikin abubuwan da ya fi tallatawa har da hannun gem ɗin da maɓallinsa ke yin tauri a ƙarƙashin yatsa idan ka ja baka a cikin wasa, yana karkarwa idan ka taka tsakuwa. Maƙudan kuɗi aka zuba don a mayar wa tafin hannu abin da aka ƙwace masa.

Wanda bai yarda ba ya leƙa shagon gem na unguwarsu. Yaro yana da ƙwallo a wayarsa kyauta, amma zai biya kuɗi ya zauna a benci yana jiran layi don ya riƙe wani hannun PS da aka naɗe da salatif, robar kan sandarsa ta cinye ta yi sumul. Abin da yake saye shi ne maɓallin da babban yatsansa zai samu ba sai ido ya nuna masa ba. Gilashin waya kuwa ba shi da gefe ba shi da tsakiya. Da bazara gumi ya sa yatsa santsi, da hunturu fata ta bushe gilashin ya ƙi jin ta, don haka masu PUBG da Free Fire suke sayen 'yar safar yatsa da wasu 'yan maƙalai da ake ɗaurawa a gefen waya, don dai su danna su ji ƙas. Kakanninsu ba su taɓa neman wannan dabarar ba. Mai dara yana tona gurabunsa talatin a ƙasa da yatsa, ya karya kara goma sha biyu, abokin karawarsa ya tsinto tsakuwa goma sha biyu, idan ya jera uku sai ya dangwara ɗan da ƙarfi har ƙura ta tashi, 'yan kallo su ji a jikinsu. Wasan motsi ke nan tun ba a san lantarki ba, haka langa, haka carafke a hannun 'yan mata. Ban ce a jefar da waya ba. Gilashin taɓawa ya kai wasa hannun ɗan talakan da ba zai taɓa mallakar PS ba, wannan kuwa alheri ne. Abin da na ƙi shi ne a ce daga shi ci gaba ya ƙare, a kuma ɗauki wannan mudu a auna sauran rayuwa da shi.

Matsalar gilashi ba ta tsaya a yatsa ba, ta kai ga mallaka. Abin da ke bayansa zanen aro ne, ba ya rufe katara. A watan Maris na 2023 Nintendo ya rufe shagon sayen wasannin 3DS da Wii U. A Satumbar shekarar, da kamfanin EA ya canza wa wasan ƙwallonsa suna, sai ya kwashe tsofaffin FIFA daga shagunan intanet. Mai faifai yana nan da abinsa, wanda ya ce sai gobe ya saya ya tashi a tutar babu. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe wasan motar nan The Crew, har wanda ya saya da guminsa bai ƙara iya kunna shi ba, bayan wani jami'in kamfanin ya riga ya faɗa a Janairu cewa sai masu wasa sun saba da rashin mallakar wasanninsu. Wani bincike da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya gano kashi 87 cikin 100 na wasannin da suka fito a can kafin 2010 sun fita daga kasuwa. Mu nan ma mun ɗanɗana namu. A 2024 samari da 'yan mata, har da magidanta, sun kwana suna dangwalar manhajar Hamster Kombat, suna tara sulalla miliyan kan miliyan a gilashi suna jiran ta fashe. Ranar 26 ga Satumba ta fashe, da yawansu abin da suka samu bai mayar da kuɗin data da caji ba. Wanda ya yi wata shida yana tara sulallan da ba zai iya juyawa a tafinsa ba, shi ne yau yake wa tsoho dariya don ya ajiye anini a gwangwani.

A Daura ne wannan magana ta fi zama abin kunya, domin garin nan da abin taɓawa yake taƙama. Labarin Bayajida kowa ya san shi, baƙon da ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce sai Juma'a, ya karɓi guga ya nufi Kusugu ya sare kan macijin nan Sarki da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Ana bayar da shi a Kano da Zazzau da Gobir, yana cikin littattafan makaranta, yana intanet da harsuna iri-iri. To me ke taso baƙo daga Legas ko Damagaram har ya zo nan, alhali ya riga ya ji labarin? Yana zuwa ne ya leƙa bakin rijiyar da idonsa, a zura guga, igiya ta yi nauyi a hannu, ya kurɓi ruwan ya ji sanyinsa. Hoton Kusugu dubu ba ya jiƙa maƙogwaro. Takobin da fada ke adanawa, da tambura, da kayan hawan Sallar Gani, darajarsu ita ce hannu ya miƙa wa hannu har suka iso gare mu. Da magabata sun yi tunanin 'yan yanzu, da sun zana rijiyar a takarda sun cike ta da ƙasa.

Amma fada ba za ta iya riƙe komai ba, tarihin gari kuma ba na sarakuna kaɗai ba ne. Sauran yana ƙarƙashin gadon tsofaffi, cikin adudu da akwatin ƙarfe. A nan ake samun wuri, da liyari mai kan mace da aka buga wa shekarar 1780, da anini mai huda a tsakiya da ake zura wa zare, da sisi da sule da fataka, da takardar fam da naira ta kora ranar 1 ga Janairun 1973. A nan ake samun tasoshin jere da akushi, da tsofaffin shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo, da wasiƙun ajami na fatake, da takardun haraji da jangali masu ɗauke da sunan ƙauyukan da yanzu sun zama kufai. Ina suke tafiya? Ranar da tsohuwa ta rasu, kafin a yi sadakar arba'in an share ɗakin. Ɗan gwangwan ya turo kurarsa da sikeli, ya ɗora tasar tagullar da aka kawo ta da ita ɗakin miji shekara sittin da suka wuce, ya auna ta tare da karyayyen ƙarfen keke, ya miƙa abin da bai wuce kuɗin katin waya ba. Shi ba shi da laifi, sana'arsa yake yi. Laifin na jikan da ya yi digiri ne, wanda ya tsaya hannu a aljihu yana cewa ai na ɗauki hotonsu. Tasa ta tafi wurin narkewa, takardu kuwa a hura wuta da su ko a naɗe ƙosai. Babu mai ƙirga wannan asara, don babu wanda ya ɗauke ta asara tun farko.

Za a ce gara na ci, gobara na ci, damina na rusa ɗaki, hoto kuwa ba ya ruɓewa. Gaskiya ne gara na ci, kuma duk mai hankali zai so a ɗauki hoton kowace takarda. Sai dai hoto shaida ne, ba ya cin gado. Waya nawa ta faɗa ruwa, memori nawa ya lalace, shafi nawa aka rufe da hotunan mutane a ciki? Takardar ajami ta yi shekara ɗari a gafaka ba ta nemi caji ba. Akwai kuma abin da hoto ba ya kamawa: nauyin azurfa da amonta, waɗanda ke raba liyari na gaske da jabu, da tambarin da ke ɓoye cikin takarda wanda sai an ɗaga ta a rana ake gani, kamar jinjirin wata uku na takardun Italiya da suka cika littattafan malamanmu, wanda da shi masana ke gane inda takarda ta fito. A 2012, da masu bindiga suka kama Timbuktu, abin da ya tsira ya tsira ne saboda gidaje sun yi ƙarnoni suna ajiye littattafan kakanni, kuma Abdel Kader Haidara da abokansa sun kwashe dubban ɗaruruwa a ɓoye, a mota da kwalekwale, zuwa Bamako. Da babu waɗannan akwatuna, da masu kyamara ba su sami abin ɗauka ba.

Sai masu cewa talakan da ke neman na tuwo ina shi ina tara kayan tarihi. Wannan neman hanyar gudu ne kawai. Ba a ce kowa ya sayi komai ba, cewa aka yi kada ka zubar da abin da ka gada, rashin zubarwa kuwa ba ya cin ko sisi. Masu cewa kuma ajiye kayan da tara duniya ne ko ƙofar camfi, su tambayi kansu wa ya kai malamai ajiye tsohon abu a ƙasar nan. Littattafan Shehu Usmanu da Abdullahi da Bello da Nana Asma'u ba daga sama suka faɗo wa masu ɗab'i ba, almajirai ne suka kwafa, zuriya ta adana. Wanda ya ajiye allon kakansa bai bauta wa allo ba.

Wannan raini ba yau ya fara ba, tushensa kuma sananne ne. Tun da masanin tarihi Abdullahi Smith ya rubuta a 1970 cewa labarin Bayajida bai isa ya zama bayanin kafuwar daulolin Hausa ba, wasu da ba su ko karanta shi ba suka tsinci rabin maganar suna yawo da ita: Daura tatsuniya ce, Kusugu rami ne kawai. Shi Smith ɗin da suke fakewa da shi, a wannan shekarar ya kafa Arewa House a Kaduna don tara takardu da adana su, wato shi kansa mai tarawa ne. Bature Palmer ya buga labarin da jerin sarakunan Daura a 1928, M. G. Smith ya fitar da littafinsa kan al'amuran masarautar a 1978, kuma dukansu abin da suka tarar wurin mutanen gari suka dogara da shi, na baki da na takarda. Ko ka yarda da Bayajida ko ka musa, gardamar tana yiwuwa ne don akwai rijiyar da za a nuna, akwai jerin sunayen sarauniyoyi da wani ya ƙi yarwa. Magadan waɗancan masu rainin su ne yau suka sake riga, suka bar cewa tatsuniya ce suka koma cewa ai tana cikin waya, kuma inda maganar farko ta kai mu nan ta biyun za ta kai mu.

Kirana ga Majalisar Masarautar Daura ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Umar Faruq Umar, da ƙananan hukumomin Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango, shi ne a ware ɗaki kusa da Kusugu inda mai kaya zai kawo ajiya, a rubuta sunansa da na wanda ya gada wurinsa, a ba shi rasit, kayan su ci gaba da zama nasa. A keɓe wasu da 'yan makaranta za su ɗauka su juya a hannu, a tona gurabun dara a farfajiya, a ajiye har tsohon PS2 da faya-fayansa, domin nan da shekara talatin shi ma tarihin yaran garin nan ne. Kai kuma mai karatu, kafin ɗan gwangwan ya sake biyowa ta layinku, shiga ɗakin Iya ka durƙusa ka jawo akwatin nan, ka tambaye ta sunan kowane abu da wanda ya ba ta, tun tana da rai.